Ƙafafun Haboba Kulu

Ranar Juma'ar da ta wuce, Nafisa da Ihlas, 'ya'yan ƙanwata, suka same ni a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, ina yanka kuɓewa, suka tura mini waya a fuska. Wata mata ce a ciki, ta dafa bango tana lilo da ƙafa gaba da baya, kiɗa yana tashi. Nafisa ta ce, "Halti, ashe wannan ne duk aikin naki? Minti biyar fa ta yi ta gama." Ihlas ta ce su ma za su fara tara matan hilla, ƙauyenmu, da safe, tunda abin ba wuya. Na ce su sake kunna mini. Na kalla sau biyu, kuma ban ga inda matar ta yi kuskure ba. Sai dai ita kaɗai ce a ɗakin, ƙafar kuma tata ce. Babu wanda ya zo ya zauna a gabanta ya rantse mata da Allah a kan abin da jikinsa ke musantawa. Shi ya sa na ɗauki biro. Ku karanta, ku da ƙawayenku, kafin ku taɓa ƙafar 'yar mutane.

Wajen Gwaggo Dije na koya, yayar mahaifina, Allah ya haskaka kabarinta. Ita ce basirar hillarmu, wato mai gyaran targaɗe da tausa da sassauta gaɓoɓi. Na gama sakandare a garin Managil, aka yi mini aure a nan gida, a lokacin hannunta ya fara rawa. Na je mata da taƙamar na ga hoton tsokoki a littafin makaranta, na san sunayensu da Larabci. Ta saurare ni har na gama, ta miƙo mini tsintsiya. Shekara guda cur ban taɓa jikin kowa ba. Aikina kullum bayan asuba in share bakin ƙofarta, in barbaɗa yashi mai laushi, in lallaɓe shi da bayan tsintsiya ya kwanta sumul. In mai ciwo ta shigo ta zauna tana bayani, sai Gwaggo ta yi mini ido, in fita in duba sawu.

Na tuna wata mai sayar da kisra, wainar dawa mai faɗi, da ta zo tana kuka da gwiwar dama. Na fita na duba, na dawo na ce sawun dama ya nutse sosai, na hagu kuwa rabi ne, dunduniya ba ta sauka. Gwaggo ta ajiye gwiwar da ake kuka da ita, ta danna ƙugun hagu. Matar ta ƙwalla ƙara har kaji suka watse. Shekaru tana zama a karkace gaban wuta, ƙugun ya ƙage, gwiwar dama ce ke ɗaukar kayan da ba nata ba. Da ta tafi, Gwaggo ta ce mini, "Baki shina faɗin abin da mai shi ka so. Sawu bai san kunya ba."

Kayan aikin da ta bar mini ba su cika kwando ba. Akwai taɓarya ta icen sunut, wato bagaruwa, mai nauyi, wadda ake dafawa a tsaya da ƙafa ɗaya. Akwai bambar guda uku, ƙananan kujerun nan na igiya, dogo da matsakaici da gajere. Akwai kwalbar man riɗi, da gwangwanin ƙwallayen dabino na ƙirga, saboda tsohuwa in ta ce ta yi ashirin, to bakwai ta yi. Sai yashin bakin ƙofa, wanda har yau nake sharewa da kaina.

Lokacin cirar auduga ne aikin ke yawa. Mata su tashi cikin sanyi daga kan gado, su nufi hawasha, gonar ban-ruwa, su sunkuya, ba za su miƙe ba sai lokacin fatur, abincin hantsi. Kafin mako biyu rabinsu sun zo mana da kwankwaso da bayan cinya. Wata shekara Gwaggo ta gaji da gyaran abin da za a iya hanawa, ta ce duk wadda ke son tausarta da yamma sai ta biyo ta ƙofarta da safe. Ta tara su, ta ɗauko tsirkiyar fata da ta kwana a waje, ta ja da ƙarfi, fatar ta tsage. Ta ɗauko wata, ta murza ta a tafin hannu, ta lanƙwasa ta nan ta lanƙwasa ta can, sannan ta ja, ta miƙe ba ta yi komai ba. Ta ce, "To ga jijiyarku nan. Kowa ta zaɓa."

Ga yadda muke yi, kuma jerin yana da dalili, kada ku birkita shi. Farko tafiya ce kawai a tsakar gida, har mutum ya ji ɗumi a bayan wuya. Sai kirɓa laka: a tsaya wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka ƙasar gini. Sai a dafa taɓarya a zana da'ira a ƙasa da babban yatsa, don idon sawu ya farka. Daga nan ne ake lilon da kuka gani a waya, gaba da baya, sannan gefe da gefe. Ana fara shi ƙarami, kamar mai korar kaza ba ta son ta firgita, a hankali yake buɗewa da kansa, kuma ƙugu ba ya bin ƙafa, ƙirji ba ya sunkuyawa. Sai tsallaken ruwa: dogon taku gaba, a ɗan sauka, a taso, a sake da ɗaya ƙafar, kamar mai ƙetare ƙaramar hanyar ruwa a hawasha. Na ƙarshe zaman bambar, a taɓa shi da mazaunai a tashi ba tare da dafa gwiwa ba. Ba a tsayawa a ja jijiya a riƙe, wannan na bayan aiki ne, in jiki ya yi zafi. Da safe motsi ake so, ba ja-in-ja ba. Ciwo mai suka in ya zo, a tsaya nan take.

Wannan kuna iya haddace shi kafin shayi ya huce. Sauran kuwa ni da tsada na koye shi.

Shekara ta biyu bayan rasuwar Gwaggo, wata mata ta zo mini, ba zan faɗi sunanta ba, tana nan da rai kuma mun yafi juna. Ta ce sanyi ne ya kama mata ƙwauri. Ranar an yi iska, yashin ya baje, ban ga sawunta ba. Na tambaye ta ko ta faɗi, ta ce wallahi ba ta faɗi ba. Na yarda. Na sa ta kirɓa laka, na sa ta tsallaken ruwa, tana cije leɓe ina cewa ta daure. A taku na huɗu ta zube. Ashe kwana uku kafin nan ta faɗo daga amalanken jaki a hanyar wata kasuwa da mijinta ya hana ta zuwa, ƙashin ya tsage, ni kuma na ƙarasa shi. A asibitin Managil aka ɗora ta. Ba ta faɗi gaskiya ba sai bayan watanni, kafin nan labari ya gama hilla cewa ɗiyar Dije ta karya mace. Duk kakar audugar nan babu wadda ta tako ƙofata. Ina share yashi da safe, da yamma sawun kaji kaɗai nake gani a kai. Mijina ya ce in bari, Allah bai ɗora mini ba. Ban bari ba, amma tun daga ranar na kafa wa kaina doka biyu. Ƙafar da ta kumbura, ko take da zafi, ko ba ta ɗaukar nauyi, likita zai fara ganinta. Kuma rantsuwar mai ciwo ina karɓarta da ladabi, in ajiye ta gefe, in tambayi ƙafar.

Aikin da ya fi gwada ni shi ne na Haboba Kulu, wato Kaka Kulu, shekara biyu kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasar nan. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, gidanta yana can bakin tur'a, babbar hanyar ruwa, tare da 'ya'yanta maza biyu da matansu, Sa'adiya da Mariya. Babban ɗanta Usmanu ya samo mata kujerar Hajji. Saura wata huɗu tafiya aka kawo mini ita a kan amalanke, aka sauke ta kamar ƙwai.

Ta ce, "Rakiya, kin san kakana?"

Na ce, "Na ji labarinsa, Haboba."

"Daga ƙasar Sakkwato ya taso da ƙafa, Makka ya nufa. Ya tsaya Makwar aikin ginin dam shi samu guzuri, nan ajali ya same shi. Shi ya taka ƙasa tun daga can har nan. Ni saura kewaye bakwai suka rage mini, kuma a ce a tura ni a keke kamar buhun albasa? Ki gyara mini ƙafahun ga. Da su nika son ɗawahi."

Usmanu yana tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Yaya Rakiya, akwai keke a can, kuma malamai sun ce ya halatta. Kada a wahalar da ita."

Na ce lallai ya halatta, amma ba ni aka tambaya fatawa ba. Na sa suka kai ta Managil tukuna. Likita ya duba ya ce babu karaya, babu kumburi, zama ne ya cinye naman ƙafar, ta motsa. Sannan na gwada ta. Daga dogon bambar ba ta iya tashi sai an kama ta. Na koya mata jerin nan a taƙaice, na nuna wa surukan biyu, na ba su taɓarya da dogon bambar da gwangwanin dabino. Na ce kullum bayan asuba, duk Asabar kuma a kawo mini ita.

Asabar ta farko ba na sa rai da komai. Ta biyu ma haka. A ta uku na kwantar da ita na ɗaga ƙafar, sai na ji abin da ya ɗaure mini kai. Ƙugun ya saki, gwiwa tana lanƙwashewa kamar ta mai shekara hamsin, idon sawu yana juyawa ba ƙara. Na ce Alhamdu lillahi, na zaunar da ita a bambar na ce ta tashi. Ta yunƙura, ta yunƙura, ta koma. Na matsa cinyar, taushi kamar kunun da ya kwana.

Na ce, "Haboba, kina yi kuwa?"

"Wallahi kullum. Arba'in kowace ƙafa. Tambayi ɗiyan ga."

Sa'adiya ta ce, "Wallahi, Yaya, ko rana ɗaya ba a tsallake ba. Ni ke riƙe gwangwanin."

Mariya ta ce, "Wallahi har ƙari muke yi mata."

Rantsuwa uku ke nan. Na karɓa da ladabi, na ajiye gefe. Da a ce ƙarya suke yi gaba ɗaya, gaɓoɓin ba za su saki ba. Da a ce gaskiya ce gaba ɗaya, naman zai tashi. Wani abu yana tsakani, kuma ba wanda ke da niyyar faɗa mini.

Na fara da zargin mai lalas. Akwai wani tsoho a hillar gaba da ke ƙona gwiwa da ƙarfe mai zafi, tsofaffinmu suna son shi fiye da likita. Na ce zan shafa mata man riɗi, na bi ƙafar tun daga ƙugu har yatsu ina neman tabo. Babu. Na zargi ƙwayoyin kashe ciwo, na ce ko suna sa ta kasala. Na tambayi Mariya me Haboba take sha, ta ce jabana, gahawarmu, da zuma. Na ce ta kawo mini jakar Haboba in ga ko man da na ba su ya ƙare, na leƙa ciki, ba komai sai carbi da goro. Allah ya yafe mini wannan leƙen. Sai na zargi Usmanu. Na ce ko shi ya hana a ɓoye, don keken ya fi masa sauƙi a cikin taron jama'a. Na tare shi a hanyar masallaci na ce, "Ya zol, bawan Allah, kana son tsohuwar nan ta taka ko ba ka so?" Ya rantse shi da asuba yake fita hawasha, bai san me mata ke yi ba. Rantsuwa ta huɗu.

Ranar Talata da la'asar na je gidan da sunan kai musu tsamiya. Na tarar da Haboba a kan angarib, gadon igiya, a tsakiyar rakuba, an jera mata matasai. Mata sun kewaye ta, kowa da saƙon addu'ar da za a kai mata gaban Ka'aba: mai neman haihuwa, mai ɗa a Libiya, mai miji marar lafiya. Kun san al'adarmu, maniyyaci tun kafin ya tafi ya zama baƙon Allah, ba a bari ya ɗauki ko buta. Na ga ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, mutum uku suka riga ta. Na gaishe su, ina magana idona yana ƙasa. Taɓaryata tana jingine a kusurwa, gizo-gizo ya ɗaura zare daga kanta zuwa bango. Bambar an ɗora tiren jabana a kai. Wanda ke lilo a tsaye kullum, ƙafar da ya tsaya a kai takan haƙa ɗan gurbi a ƙasa. Na duba gindin kowane ginshiƙi, ƙasa lafiya lau.

Na ajiye tsamiyar na koma gida. Washegari ina sallame asuba na yafa tob, mayafinmu na mata, na nufi bakin tur'a. Gari ya yi fari, ana ganin fuska. Ƙofar a buɗe take, na ji muryar Sa'adiya tana ƙirga, "Talatin da ɗaya, talatin da biyu," ƙwallon dabino yana faɗawa gwangwani. Na yi sallama na shiga ban jira an amsa ba.

Haboba tana kwance rigingine a kan angarib, carbi a hannu, tana salati. Mariya ta durƙusa ta riƙe ƙafar dama da hannu biyu, tana lilo da ita gaba da baya, a hankali, daidai yadda na koya, ƙarami tukuna sannan ya buɗe. Gumi ya jiƙe mata goshi. Sa'adiya tana gefe tana jiran ta karɓi ta hagu.

Na tsaya. Su ma suka tsaya, ƙafar tana sama.

Haboba ta ɗago kai ta ce, "Kin gani da idonki? Arba'in. Kika maishe ni maƙaryaciya."

Na ce, "Haboba, ƙafar wa ke aiki a nan?"

"Tawa mana. Ko kin ga ta Mariya a sama?"

"Mariya, nuna mini damtsenki."

Ta nuna. Na matsa, tauri kamar na mai daka. Na ce, "To ga inda arba'in ɗin suka tafi. Mako uku kina shirya hannun Mariya don ɗawafi."

Sa'adiya ta ajiye gwangwanin, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Yaya Rakiya, ke ma kin san ba zai yiwu ba. Inna ta tsaya tana dafe da taɓarya tana haki, mu muna zaune muna kallo? In maƙwabta suka leƙo ta katanga mi za su ce? Su ce tsohuwa za ta ɗakin Allah, surukanta sun sa ta tsalle-tsalle kamar 'yar makaranta. Ranar farko ta yi da kanta, ta yi nishi ɗaya, wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu ma ladan muke nema."

Ba ƙarya suka yi mini ba, ko ɗaya daga cikinsu. Tarbiyya ce, irin wadda ni ma na yi wa 'ya'yana. Na zauna a bakin gadon, na sauke ƙafar daga hannun Mariya na ajiye. Na ce, "A Harami wa zai ɗaga mata ita?"



Na ce, "Duk lilon da kuka yi mata, taku ɗaya kuka cire daga ɗawafinta. In keke kuke so mata, ku ci gaba, kuna kan hanya. Saura wata uku da kwanaki."

Haboba ta tashi zaune. Ta dubi surukanta, ta dube ni. Ta ce, "Ashe sata kuka yi mini, ina sa muku albarka."

Mariya ta fashe da kuka. Na ce a bar kuka, a kawo taɓarya, a share gizo-gizon.

Hana su taimako ba zai yi ba, na san gobe in na juya baya kunya za ta dawo. Sai na juya abin. Na ce daga yau Haboba ce malama. Ita za ta tsaya a gaba ta yi, su biyun su tsaya a bayanta su kwaikwaya, duk wadda ta karkata ƙugu ta gyara mata. Mai leƙe ta katanga zai ga tsohuwa tana horar da surukanta, wannan kuwa ba wanda zai kira shi abin kunya a hillar nan. Haboba ta ji daɗin wannan fiye da kima. Kafin mako ya fita na ji tana cewa, "Sa'adiya, ɗaga gwiwar ga, ke ba ki ci abinci ba ne?"

Masu kawo saƙon addu'a kuma na ce angarib ya rufe. Mai son a kai mata saƙo ta zo da hantsi ta raka Haboba tafiya a bakin tur'a, ta faɗa mata a hanya. Wasu suka ji haushi, aka tuna mini da matar da na karya. Na ce na tuna da ita fiye da su. Haboba ta so mu riƙa kewaya babbar bishiyar da ke filin gidan sau bakwai don ta saba. Na ce a'a, ɗaki ɗaya ake kewayawa a duniya, mu miƙe za mu yi mu dawo. Mun fara daga ƙofarta zuwa gadar farko, da hutu biyu. Kafin wata ya cika hutun ya koma ɗaya.

Ban daina zuwa ba tare da sanarwa ba. Wata rana Litinin, wata rana Alhamis, wata rana kwana biyu a jere don kada su gane lissafina. Ina shiga gindin ginshiƙi nake fara dubawa. Gurbin ya fito, ya yi zurfi, har na biyu da na uku suka fito a bayansa. Sau ɗaya na kama Mariya ta sa hannu a ƙarƙashin hammatar Haboba wajen tashi daga bambar, Haboba da kanta ta buge hannun. A wata na biyu na karɓe dogon bambar na ba su matsakaici. Gajeren ba ta taɓa iya shi ba, har ta tafi. Mako biyu kafin tafiya muka je gada ta uku muka dawo ba hutu, na lissafa a raina ya isa, in cunkoso bai yi mata yawa ba. Na ja Usmanu gefe na ce kafin ta shiga Harami ta yi jerin nan a masauki, ko da a taƙaice, kuma in ta gaza ya sa ta a keke ba tare da gardama ba, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Ya ce to. Ban yarda da to ɗin ba ta kowane ɓangare, amma teku ce tsakaninmu, ba yashin da zan share a can.

Ranar da suka dawo hilla ta cika gidan. An shafe ƙofa da farar ƙasa, ana guɗa, ana rabon dabino da Zamzam a ƙananan kofuna. Haboba tana kan angarib ɗin nan dai, yanzu kam ta cancanci matasan. Tun daga bakin ƙofa mata suke tare ni, "Da ƙafarta ta yi! Usmanu ya ce da ƙafarta ta yi!" Na ce Masha Allah. Na jira layi ya zo kaina, na durƙusa na gaishe ta, na ce Allah ya karɓa. Hannuna ɗaya yana cikin nata, ɗayan na zura shi ƙarƙashin bakin tob ɗinta ina laluben sha-raɓa.

Ta ce da ƙarfi, kowa yana ji, "Ku dube ta! Ta zo gaishe da Hajja, tana latsa ni kamar mai sayen tunkiya. Ke ko Zamzam ɗin ga sai kin ɗanɗana kin ce ko ruwan tur'a ne."

Aka yi dariya. Ban cire hannun ba.

Ta sunkuyo ta rage murya. "Bari in hutar da yatsunki. Ɗawahi da ƙafata na yi shi, bakwai cif, Usmanu bai taɓa ni ba sai riƙon mayafi. Safa da Marwa na yi biyar, gwiwa ta ƙi, aka tura ni biyu. Ban ji kunya ba. Na kakana na cika mishi."

Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, ranar ce mai ciwo ta fara faɗa mini abin da ya rage mata daraja tun ban tono shi ba. Ya kamata in tsaya a nan. Amma hannuna ya riga ya sauka zuwa dunduniya. Na ji faso ya tsage ta gida uku, farcen babban yatsa ya yi baƙi inda wani ya taka, sha-raɓar kuwa tauri kamar ɗanyen rake. Keke ba ya yi wa mutum haka.

Na gyara mata bakin tob ɗin, na ce, "Hajja Kulu, a aiko mini da taɓaryata."

Ta ce, "Ba ki samu. Gobe da asuba ina da ɗalibai."